Wushiryar da ta kusa tafiya da haƙoran Hassana

Haƙoran Hassana sun tsaya, jama'a. Guda huɗun nan na gaba na sama, waɗanda likita ta ce ba ta yi mana alkawarin komai a kansu ba, ɗazu da safe ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya ta ce ba za a cire ba. Alhamdulillahi. Haƙorin turmi ɗaya kacal muka rasa, can ciki, inda ba mai gani sai wanda ya leƙa da tocila. Tun a cikin napep na fara buga wannan rubutun, yanzu ina tsakar gida waya na jone da caji, in kun ga kuskure ku yi haƙuri, yatsana ya fi kaina gudu.

Bari in koma farko, don na san wasunku ba su ma san wace ce Hassana ba.

Abokiyar tagwaicina ce, ni ce Usaina. Shekararmu ashirin da ɗaya, muna karatun koyarwa a kwaleji nan Kontagora, aji ɗaya, kuma kamarmu ɗaya sak. Ko Inna in mun juya baya sai ta haɗa sunayen biyu ta kira, ta ga wadda za ta waiwayo. Abu ɗaya ne ya raba mu: ita a gidan Baba ta tashi, ni kuwa daga yaye aka kai ni Salka wurin kakarmu ta wajen uwa, ban dawo ba sai da na gama firamare. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Bara wajen ƙaramar salla wushirya ta fito wa Hassana. Eh, fitowa ta yi. Da haƙoranmu a jere suke rif, kamar masara mai kyau, kawai sai ga 'yar ƙofa ta buɗe a tsakiyar nata. Ranar salla muka ɗau wanka, atamfa iri ɗaya, muka yi hoto na ɗora a sitatus. Wayata ta kusa kamawa da wuta. Kowa wushiryar Hassana yake magana. Wata ƙawarmu har tambaya ta yi wai a ina aka yi mata, ita ma tana so. Malaminmu na lissafi ya ce ya gode wa Allah, yanzu ya san wadda zai ba sifiri. Ni kuwa ba ƙarya, na ji haushi. Ciki ɗaya, rana ɗaya, a ce ita ta samu ƙari ni ko oho. Ita kuma ta samu abin yanga, ko gaisuwa za ta yi sai ta washe baki.

Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba da ke aure a Kumbashi, ta zo yawon salla, tana ganin Hassana ta rangaɗa guɗa.

"Ta gidanmu ce," in ji ta. "Mu ba a haihuwarmu da ita, sai mun tasa take zuwa. Ni ina budurwa ta fito min. Yaya, babanku, ma haka, ku tambayi uwarku abin da ta gani ta amsa masa. Ke Usaina jinin Salka ya rinjaye ki, sai haƙuri."

Muka yi ta dariya. Abin da ke ba ni mamaki yanzu, Gwaggo tana wannan maganar ne da bakin da babu haƙorin gaba ko ɗaya. Muna kallonta, amma ba wanda ya haɗa biyu da biyu. Nata an ce haihuwa ce ta kwashe, kowane ɗa da haƙorinsa. Na Baba an ce goro ne. Baba bai kai sittin ba, amma tun muna yara nama sai an daka masa, kuma in abin dariya ya kama shi sai ya kai hannu ya rufe baki. Duk hotunan gidanmu ba inda leɓensa yake a buɗe. Mahaifinsu ma, Allah ya jiƙansa, an ce haka ya ƙare. Kowa da dalilin da aka ba shi, kowa ya karɓa.

Jini ne ya fara. In Hassana ta yi asuwaki sai kan ya koma ja. In ta gatsi gwaiba sai ta bar shaida. Ta ce ai ƙarfi take sawa. Daga baya na fara ganin ɗigon jini a rigar filonta da safe. Sai wari. Wannan kam ni kaɗai zan iya faɗa mata, don ɗakinmu ɗaya.

"Hassana, bakinki fa."

"Naki ne yake bugun bango ya dawo miki."

"Siriyos nake."

"Sau biyu nake burushi, ga asuwaki kowace salla. Ke sau nawa?"

Kuma gaskiyarta. Wannan shi ne abin da ya yaudare mu. Haƙoranta farare tas, ba rami, ba baƙi, ba zafi ko kaɗan. Mu a saninmu ciwon haƙori shi ne wanda ke hana mutum barci ya ɗaure kai da ɗankwali. Wannan shiru yake aikinsa. Wushiryar kuma sai ƙara buɗewa take, har ɗaya haƙorin ya ɗan turo gaba. Mutane na cewa ta ƙara kyau.

Da damina muna dawowa daga lakca muka sayi gasasshiyar masara a bakin get. Ta kai baki ta gatsa, sai ta tsaya cak. Ta miƙo min masarar. Ta kama ɗan yatsana ta ɗora a haƙorinta na gaba ta ce, "Tura." Na tura. Ya tafi. Na saki ya dawo. Kamar turken akuya da ruwa ya cinye ƙasar gindinsa. Na gefensa ma haka. A tsaye a bakin titi, 'yan mashin na ta yi mana hon, muka tsaya kallon juna.

Satin farko na Inna ne. Ruwan ɗumi da gishiri, kanumfari a kunci, addu'a. Jinin ya ɗan ragu muka ce an dace. Motsin bai fasa ba.

Sati na biyu Gwaggo ta taso takanas daga Kumbashi da ƙullin bagaruwa. Ta ce a jiƙa a riƙa kurkurewa, yana ɗaure dasashi. Da ta taɓa haƙorin da kanta sai ta ce tsutsa ce, ta ja Hassana kasuwa wurin wani mai fitar da tsutsar haƙori. Na bi su don gulma. Mutumin ya zuba wasu 'ya'yan itace a kan ƙarfe mai zafi, ya kifa mazurari, ya ce ta buɗe baki hayaƙin ya shiga. Can ya nuna mana kwanon ruwa, ga wasu fararen abubuwa sirara suna yawo. Gwaggo ta ce, "Kun gani ko?" Ni dai da na duba da kyau, sai na ga kamar 'ya'yan ne ke fashewa da zafi suna fitar da zaren cikinsu. Na faɗa a hanya, Gwaggo ta ce boko ya cinye min kai. Hassana ta kwana biyu tana warin hayaƙi kamar kifin banda. Ban ce kowa mugu ne ba, kowa so yake ta warke. Amma sati biyu muka zubar a nan, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya sosu.

A sati na uku kuncinta na dama ya kumbura, dasashin turmi ya tara ruwa, in ta danna sai mugunya ta fito. Ranar muna da tes ba ta iya zuwa ba. Washegari Baba ya ce a tafi asibiti.

Layi kam mun sha shi. Kafin bakwai muna wurin yankar kati, amma ba mu ga likita ba sai da aka kira azahar. Kujerar aiki ɗaya ce a ɗakin haƙori, mutane kuwa har daga ƙauyuka, kowa riƙe da kunci. Wani tsoho a benci ya tambayi wace ce mara lafiyar a cikinmu, ya ce kar likita ta cire na mai lafiya. Ko a wannan halin sai da Hassana ta yi dariya.

Likitar mace ce, gajeriya mai tabarau, Banufiya. Hausarta irin ta mutanenmu na nan ce, kowa "kai" ne a wurinta, mace ko namiji. Ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai layi-layi kamar rula, ta zura shi tsakanin haƙori da dasashi. Ina tsaye a kansu ina kallo. A wasu wuraren yana taɓawa yake tsayawa. A haƙoran gaba da turamen farko kuwa sai ya nutse, ya yi ta shiga kamar ba ƙasa. Tana kiran lamba nas na rubutawa. Da ta kira wata lambar, nas ɗin ta ɗago kai ta kalli Hassana, ta sake kallon shekarun da ke jikin katin.

"Wannan wushirya, da shi aka haife ka?"

"A'a, bara ta fito."

Likita ta ajiye ƙarfen. "To ba wushirya ba ne. Ƙashin da ke riƙe da haƙori ne yake zaizayewa a ƙasa. Haƙori ya rasa abin dafawa, shi ne yake matsawa gefe. Wushirya na gaskiya da shi yaro yake tashi. Wanda ya zo da girma, ciwo ne."

Ku ji fa. Abin da na shekara ina hassada a kai.

Ta tambaya ko akwai wanda haƙoransa suka zube da wuri a gidanmu. Muka fara lissafi: Baba, Gwaggo, kakanmu. Muna faɗa muna jin maganar Gwaggo ta ranar salla tana dawowa. Likita ta gyaɗa kai ta ce akwai irin ciwon dasashin da ke bin gida, yana kama matasa, kuma yana gudu. Sannan ta nuna ni da ƙarfen.

"Kai ma hau."

Na ce ni rakiya na zo. Ta ce ta sani, in hau. Ta bi bakina kaf. Wuri biyu ta samu a turame, kaɗan ne, ta ce wanki ɗaya zai isa. Sai ta tsaya tana kallonmu, ni da Hassana, fuska ɗaya baki biyu.

"Gida ɗaya kuka girma?"

Nan muka ba ta labarin Salka. Ta ce to, abu biyu ne suke haɗuwa. Akwai abin da ake gada a jini, wanda ke sa dasashin wasu bai iya faɗa da ƙwayar cuta sosai. Wannan ni da Hassana duk muna da shi. Akwai kuma ita ƙwayar cutar, wadda ke zama a miyau, kuma yawanci tun mutum yana ƙarami yake ɗaukarta daga manyan gida. Ta tambaya ko ana tauna wa yara abinci a gidanmu, ko ana haɗa burushi, ko asuwaki.

Ni da Hassana muka ce a tare, "Gwangwani."

A gidanmu akwai wani gwangwanin madara a kan katanga kusa da randa. Baba hatsi yake saye a Salka ya kawo Kontagora, kuma duk ranar kasuwa sai ya taho da damin asuwaki, ya yanyanka ya zuba a ciki. Kowa ya yi alwala ya zari ɗaya, ya gama ya mayar. Ba suna, ba alama. Sabon asuwaki kuma da tauri da ɗaci, yaro ba ya iya fasa shi. Sai Baba ya tauna kan da turamensa har ya yi laushi, ya ce ya kashe masa ɗaci, sannan ya miƙa wa yaron. Hassana 'yar lelensa ce. Inna ta ce har ta kai shekara goma ba ta yarda ta sa asuwakin da ba Baba ne ya fasa mata ba. Ni a lokacin ina Salka, kakata gawayi da gishiri ta sani.

Likita ta ce ba za ta rantse cewa ta nan ne ba, don hanyoyin miyau da yawa a gida, cokali ma hanya ne. Kuma ta ce kar mu je mu ce ta hana asuwaki, abu ne mai kyau, ita ma tana yi. Kowa dai da nasa.

Ta tura mu gwajin suga, ya fito lafiya. Ta ce tana son hoton baki gaba ɗaya, sai mun je Minna. Hanyar nan ba sai na ba ku labari ba, duk ramin da mota ta faɗa sai Hassana ta dafe baki kamar haƙoran za su zubo a cinyarta. Muka dawo da hoton, likita ta ɗaga shi a taga. Ko ni da ban san komai ba na gani. A wasu haƙoran ƙashi ya rufe saiwa har wuya. A na gaba kuwa ya ja baya kamar gaɓar rafi bayan ambaliya, rabin saiwar a waje.

"Turmin nan ya tafi, sai cirewa," in ji ta. "Na gaba huɗu zan yi ƙoƙarina. Mu ba su wata uku. In sun daina motsi, naka ne. In sun ci gaba, ba zan yaudare ka ba."

A napep Hassana ta ja hijabi ta rufe rabin fuska. Saura 'yan watanni mu fita koyarwar gwaji, za ta tsaya gaban 'yan sakandare, kuma kun san bakin yaran nan. Can ta ce a hankali, "Usaina, da wushirya aka gane mu, yanzu kuma da giɓi za a gane mu." Na ce in aka cire nata ni ma zan cire nawa a koma daidai. Ta ce, "Ƙarya kike, ko allura tsoro kike." Ta yi dariya hawaye na zuba.

Wata na farko aiki ne. Aka cire turmin. Sannan wankin ƙarƙashin dasashi, ba irin wankin gayu ba, sau huɗu muka je, kowane zuwa gefe ɗaya. Allura a dasashi, inji na ƙara kamar na masu niƙa, ita kuma ta riƙe hannuna har sai da farcenta ya bar min tabo, ga shi nan ina kallo. Aka ba ta ƙwayoyi kala biyu na sati guda. Ɗayan yana sa baki ɗanɗanon ƙarfe, ga tashin zuciya. Rana ta uku ta ce ita ta gaji. Na saita ƙararrawa a waya, tana kaɗawa in tsaya a kanta da kofi kamar 'yar sanda. Ta sa min suna Sajan. Abinci kuwa koko, kunun gyaɗa, faten dankali, tuwo mai ruwa-ruwa. Don kara na daina cin masara da rake a gabanta, sai dai in ɓuya bayan ɗaki. Ta kama ni sau ɗaya, ta ce Allah ya isa, ta kuma ce in ba ta ta sansana.

Likita ta manna wata siririyar waya a bayan haƙoran gaba ta haɗe su, don su jingina da juna. Ta koya mata yadda za ta riƙa bin tsakanin haƙora da wani ɗan mitsitsin burushi. Duk wannan ba kyauta ba ne. Masarar da Baba ya ajiye yana jiran ta yi daraja, buɗe rumbun ya yi ya sayar tun lokaci bai yi ba, bai kuma ce mana komai ba, a bakin Inna muka ji.

Bayan wankin sai abin ya yi kamar ya ƙara lalacewa. Kumburi ya sace, dasashi ya ja baya, haƙoran suka yi tsawo. Ruwan sanyi in ya taɓa su sai ta daka tsalle. Ruwan kurkurar da aka ba ta ya sa suka yi ja-ja. Gwaggo ta zo dubiya ta leƙa bakin ta ce, "To ga shi nan. An je an kankare wa yarinya nama. Da bakinta kamar na amarya." Ranar Hassana ba ta ci komai ba. Na koma asibiti ni kaɗai na bi layi don kawai in tambaya. Likita ta ce haka yake, da kumburi ne ya rufe ɓarnar, yanzu gaskiyar ce ta fito, jan kuma wankewa ake yi. Da an faɗa mana tun farko da ba mu tsorata haka ba, wannan kam ƙorafina ne, kuma na faɗa mata. Ta ce na yi gaskiya.

Saura maganar gida. Likita ta ce tana son ganin kowa, don in ana wanke bakin Hassana alhali ƙwayar na yawo a tsakar gida, aikin zai yi wuya. Yaya Bashir, wanmu, ya je aka sami nasa ya fara, aka wanke. Baba ya ce shi ba inda za shi.

"Abin da ke cikin jini likita ba ta wanke shi. Haka na tarar da ubana, haka Asabe. Ku dai ku nema wa yarinya magani."

Nan na tafka kuskurena. Mun yi da Hassana ba za mu faɗa masa zancen gwangwani ba, za mu dai sauya shi a hankali. Amma haushi ya ɗebe ni na ce, "Baba, ai ba jini kaɗai ba ne. Likita ta ce har da asuwakin da kake tauna mata."

Yana cin tuwo. Ya tsame hannunsa ya wanke. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya tashi ya je katanga ya sauke gwangwanin, ya shiga ɗakinsa da shi. Kwana huɗu ba ya zama cin abinci a tsakar gida, ko kofin da ya sha ruwa sai ya ɗauraye da kansa ya kife nesa da namu. Hassana ta gaishe shi sai ya amsa yana kallon ƙasa. Ta same ni a ɗaki ta ce, "Bakinki ya fi wayarki sauri. Haƙori huɗu ne, Usaina. Ubana fa?"

Ranar komawa asibiti muna fitowa muka tarar da shi a zaure da hularsa. Ya ce mu je. Muka zauna a benci har aka kira mu. Yana shiga, ko zama bai yi ba, ya ce, "Likita, ni na sa mata?"

Ta kalle shi ta saman tabarau. "Baba, kana noma?"

"Hatsi nake saye, amma ina taɓawa."

"Ka san wuta-wuta?"

"Wa bai san ta ba. Ta cinye min dawa a gonar gado."

"To. Akwai gonar da wuta-wuta ke so, akwai wadda ba ta kamawa sosai. Ƙasar gonarku gado ne, ba kai ka zaɓa ba, ba kuma yadda za ka canza shi. Irin kuwa shigowa yake, a iska, a ƙafa, a fartanya. Kai ma wani ya ba ka, kuma shi ma son ka yake, bai sani ba. Abin da na sani, ana cirewa. In an bi gona ana cirewa kafin ya zuba iri, dawa tana yi."

Baba ya gyaɗa kai. Sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Kuma furenta kyau gare shi. Kafin ka gan shi ta gama da saiwar."

"Shi ne wushiryar," in ji likita. "Hau kujera."

Ya cire hula ya miƙa min ya hau. Na gaba sun riga sun tafi tun tuni, amma ta ce akwai na ciki da za a ceta, kuma an ceta. Da muka dawo gida ya fito da gwangwanin ya ba Inna ta zuba ƙusoshi. Yanzu ƙusa shida ce a jikin katanga, kowa da tasa, kowane asuwaki da zaren da aka ɗaura masa. Nawa kore ne. Na Hassana ja, ita ta zaɓa, wai don tarihi.

Wata biyun da suka biyo baya jira ne kawai. Kullum da safe sai in ga ta kai harshe tana taɓa su. Likita ta hana ta girgiza su da yatsa, to ni ce mai gadin yatsan. Jini ya ɗauke a filo. Warin ya tafi, na faɗa mata, ta ce ai da ma nawa ne. Amma ko ta yi wasa na san tana ƙirga kwanaki.

Satin da ya wuce wayata ta yi ƙara, Gwaggo ce. Muka gaisa, ta tambayi mai jiki, ta tambayi ruwa, ta tambayi karatu, ta yi ta kewaye. Can ta rage murya.

"Ke Usaina. Larai ma fa ta fara fito mata."

Larai autarta ce, shekararta sha bakwai.

"Wace rana likitar taku take zama?"

Ban ce mata komai a kan boko ba, ko da yake ya zo min har baki. Na ce ta turo ta ranar Litinin, ni zan kama musu layi.

Yau kuma aka cika wata uku. Baba ya raka mu amma ya ce shi a waje zai jira. Likita ta zura ƙarfen nan mai layi, ni kuma ina bin hannunta da ido ina karanta duk addu'ar da na iya. Inda yake nutsewa da, yau ya shiga kaɗan ya tsaya. Ba jini. Ta kama haƙoran ɗaya bayan ɗaya ta gwada, ta sake gwadawa. Ta cire safar hannu.

"Sun tsaya. Naka ne."

Ta ce mu ji da kyau, ba warkewa ce ta har abada ba. Ƙashin da ya tafi yawancinsa ba zai dawo ba. Duk wata uku sai an zo an duba, ni ma haka. Ba rake da haƙorin gaba, ba buɗe kwalba, ba fasa ƙashi. Wayar bayan haƙoran tana nan, 'yar ƙofar ma tana nan. Hassana ta ce ta yarda, ko cewa aka yi ta daina magana za ta yarda. Nas ta ce wannan kam ba mai iya sa ta.

Muka fito. Baba na benci, hula a gwiwa, carbi a hannu. Ya ɗago kai yana neman amsa a fuskarmu. Hassana ta tsaya a gabansa ta washe baki gaba ɗaya, huɗun nan reras. Sai Baba ya yi dariya. Baki buɗe, giɓin duk a waje, a gaban mutane cike da benci, hannunsa na kan carbi bai ɗaga ba. Shekarata ashirin da ɗaya ban taɓa ganin cikin dariyarsa ba sai yau. Waya na hannuna, kun san ni, amma ban ɗauka ba.

To roƙona ɗaya ne. In wushirya ta fito wa wani da girma, in dasashi na jini ba zafi, in a gidanku akwai waɗanda haƙoransu suka zube tun ba su tsufa ba, ku je a duba, ku ja 'yan gidan gaba ɗaya. Kowa ya riƙe asuwakinsa, a daina tauna wa yara. Don Allah ku tura wannan a gurup ɗin gidanku, ku karanta wa iyayen da ba sa karatu a waya.